Sharhi: Wa ke kwana a farke domin mai rauni a Madarunfa?

Ranar 7 ga watan Nuwamba na 2021, ramin haƙar zinariya ya rufta a Garin Liman, kusa da Ɗan Isa, ya kashe aƙalla mutum 18. Hukumomi sun zo, an yi ta'aziyya, an rufe wurin. Amma tambayar da wannan masifa ta bari har yau ba ta sami amsa ba: idan aka fito da mutum daga ƙarƙashin ƙasa da sauran numfashi, ƙirjinsa a murƙushe, wane likita ne ke jiran sa, kuma a ina?

Gundumar Madarunfa ba ta rasa hanyoyin jin rauni ba. Hanyar da ta tashi daga Maraɗi ta bi Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina cike take da manyan motoci da ƴan kabu-kabu. Ƙauyukan Gabi da na gefen dajin Baban Rafi sun sha harin ƴan bindiga masu ƙetaro iyaka. Hatsarin hanya da harsashi ba su san lokacin tashi daga aiki ba, sau da yawa ma cikin dare ko ranar hutu suke aukuwa. Wanda jini ke zuba cikin cikinsa kuwa, sa'o'in farko su ne ke raba shi da kabari.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna gundumar na da mutum sama da 400,000, kuma sun ƙaru ƙwarai tun lokacin. A faɗin Nijar, likita ɗaya na fuskantar mutum sama da 20,000, alhali ma'aunin da aka saba kafa hujja da shi likita ɗaya ne ga mutum 10,000. Kaso mai yawa na waɗannan likitoci, musamman ƙwararru, a Yamai suke. Inda likita biyu ko uku ke riƙe da asibitin gunduma, ga duba marasa lafiya da safe, ga takardun ofis, ga tarurruka, aikin dare kan koma wuyan malamin jinya. Shi kuwa iyakarsa ya ɗaure rauni, ya sa ruwa, ya rubuta takardar tura mutum Maraɗi. Tafiyar ba ta da nisa a kan taswira. Sai dai kafin dangi su nemo mota, su haɗa kuɗin mai, su samo mai ba da jini, rai ya yi halinsa.

Ba yau aka faro ba. Shirin tsuke bakin aljihu na shekarun 1980 da 1990 ya taƙaita ɗaukar ma'aikata, karyewar darajar kuɗin sefa a 1994 ta tsawwala farashin magani. Tun taron gamin gambiza na 1991, kusan kowace gwamnati ta rantse da lafiyar talaka. A 2001, a Abuja, ƙasashen Afirka suka ɗauki alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu domin kiwon lafiya, Nijar ba ta cika shi ba.

Adalci ne a faɗi abin da aka yi. A tsakiyar shekarun 2000 an mayar da tiyatar haihuwa da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. An kuma soma horar da likitoci aikin tiyatar gaggawa domin asibitocin gunduma. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta daɗe tana ceton yaran Madarunfa daga tamowa da zazzaɓin cizon sauro. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi na koyar da aikin likita. Amma magidancin da mota ta buge, ko manomin da aka harba a ƙofar gidansa, ya kasance maraya: ba ya cikin tsarin kyauta, ba ya cikin shirin masu ba da agaji.

Laifin ba na likitan da ya kwana biyu bai runtsa ba ne. Na masu rabon ma'aikata ne da masu riƙe da asusu. Wajibi ne ma'aikatar kiwon lafiya ta tura wa gundumomin kan iyaka isassun likitoci masu horon tiyata, tare da masu ba da maganin barci, yadda za a yi karɓa-karɓa dare da rana. A biya kuɗin aikin dare a kan kari, a ba su muhalli, domin wanda ya amsa zama karkara kada ya ji an yar da shi. A liƙa sunan mai aikin dare a ƙofar asibiti, kowa ya gani. A tanadi jini da man motar ɗaukar marasa lafiya, a fara ceton rai kafin a yi zancen kuɗi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mutanen Madarunfa suna biyan haraji kamar na Yamai, hakkinsu ne su tarar da likita a farke da ƙarfe biyun dare.