Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Masu Juya Rubutun Makafi da Kwamfuta



Zuwa ga ƙannena da 'ya'yana masu aikin mayar da rubutun makafi na Braille zuwa rubutun masu gani, a makarantu da ofisoshin jarrabawa da shagunan kwamfuta na Kano da kewaye. Ga wata 'yar magana daga tsohon malamin makafi da ya ajiye aiki, yana zaune a Rurum Sabon Gari cikin ƙasar Rano.

Yabo tukuna, don kun cancance shi. A zamaninmu takardar jarrabawar ɗalibi guda sai ta cinye wa mutum yini, yana bin ɗigo yana rubuta fassara da biro a saman kowane layi. Yau ɗalibi zai rubuta a na'urarsa, ya miƙo muku fayil a filashi, kafin ya koma mazauninsa kun fitar da shafi goma. Manhajar Duxbury, wadda kamfaninta ya soma aiki a Amurka tun 1975, da Liblouis ta kyauta da ke cikin NVDA, manhajar da ke karanta wa makafi allon kwamfuta, sun ɗauke wahalar da ta sunkuyar mana da baya, ku kuma kun iya sarrafa su fiye da mu. Allah ya saka muku da alheri. To, yabon ke nan, sauran kuma ƙorafi ne.

A hutun da ya wuce wani manomi daga ƙauyukan da ke tsakaninmu da Kibiya ya zo mini da ɗansa makaho mai karatu a birni. Ba zan faɗi makarantar ba. Uban ya miƙo mini takardun yaron da aka buga aka yi wa maki, yana cewa, "Malam, duba mini, an ce yaron nan ba ya gane komai." A takardar tambayoyi masu zaɓi, inda ya kamata a ga b ko c ko d, sai na ga "but" da "can" da "do" sun jeru har ƙasa, kowanne da jan biro a kansa. Tambayoyin da amsarsu "a" ce, su kaɗai suka tsira. A takardar Hausa kuwa ɗaki ya zama "edaki", kuɗi ya zama "kuedi", tsari ya zama "stari". Mai maki har ya rubuta a gefe cewa yaro ya koma ya koyi ƙa'idar rubutu. Na sa yaron ya buɗe asalin fayilolin a na'urarsa muka bi su tare. Yaro ya rubuta daidai. Wanda ya juya ne ya ɗora jadawalin Turanci mai taƙaitawa, wato giredi na biyu, a kan rubutun da aka yi harafi-harafi, kuma a kan Hausa, ya danna, ya buga, ya miƙa.

Laifinku na farko ke nan, kuma zan tsaya a kansa, domin na lura da yawanku an koya muku inda ake dannawa ba a koya muku dalili ba. Tsarin da Louis Braille ya fitar a Faransa a 1829 ɗigo shida ne kacal a kowane gida. Duk yadda aka jujjuya su, alamomi 63 suke bayarwa. A cikin 63 ɗin nan za a cusa haruffa da lambobi da alamomin rubutu da taƙaitattun kalmomi da lissafi, na kowane harshe. Dole kowace alama ta zama kamar ɗakin haya, yau wannan ne a ciki, gobe wancan. Ɗigo na 2 da 3 da 6, a farkon magana alamar buɗe zance ce, a ƙarshe alamar tambaya, in ta tsaya ita kaɗai a Turanci kalmar "his" ce. Lambobi ma haruffan a zuwa j ne aka sa musu alamar lamba a gaba, in alamar ta faɗi sai 1953 ta koma "aiec". Lokacin da ake juya rubutun masu gani zuwa na makafi, manhaja ta san abin da ke gabanta. Lokacin komawa baya kuwa hasashe take yi, kuma ba ta da madogara sai jadawalin da kuka zaɓar mata.

Shi fayil ɗin rubutun makafi, wato BRF, ba ya ɗauke da bayanin kansa. Ku buɗe shi tsurarsa ku gani: kalmar Rano mai aya a ƙarshe za ta fito muku ",RANO4", domin waƙafin nan shi ne alamar babban baƙi, 4 ɗin kuma aya ce. Babu inda aka rubuta a cikinsa cewa wannan Hausa ce ko Turanci, tsohuwar ƙa'ida ce ko sabuwa. Sai dai a tambayi mai shi. Cikinku su nawa ne ke tambaya?

A rubutun makafi na Hausa, harafin ɗ yana zaune ne a gidan da Turanci ya ba "ed", ts kuma a gidan "st". Haka ƙ da ɓ, gidajensu suna da wani aikin daban a Turanci. In kun bar manhaja ta ruɗe a kansu, ko kuka share abin da ba ku gane ba kuka sa harafi mara lanƙwasa, baƙi ya zama baki, ƙafa ta zama kafa, ƙasa ta zama kasa. Tun shekarun 1930 su Dakta Rupert East a Zariya suka tsaya kai da fata a kan haruffan nan masu lanƙwasa, da su Alhaji Abubakar Imam ya yi ta buga Gaskiya Ta Fi Kwabo daga 1939. Abin da aka kafa shekaru casa'in da suka wuce, ku kuna rushe shi da danna maɓalli guda, kuma a takardar yaron da ba zai ga ɓarnar ba balle ya yi ƙara.

Turancin ma ba ɗaya ba ne. A 2004 aka amince da haɗaɗɗiyar ƙa'idar UEB, Najeriya ta karɓe ta a 2005, tana cikin ƙasashen farko. Ɗaya daga dalilan kafa ta shi ne a rage ruɗanin da kwamfuta ke shiga wajen komawa baya, shi ya sa aka zubar da taƙaitawa tara, irin su "com" da "ble" da "dd". Amma tsofaffin littattafai da tsofaffin hannaye suna nan a kan ƙa'idar Ingila ta dā. Dattijon da ya yi makaranta kafin 2005 ya kawo muku takardar neman haƙƙinsa na fansho, kuka ɗora mata UEB, wasu kalmomin za su fito da guntayen alamomi a tsakiyarsu, a ofis a ɗauka bai iya rubutu ba. Fayil ɗin lissafi da aka yi da tsarin Nemeth na Amurka kuwa, lambobinsa a ƙasan gida suke, in an karanta su da jadawalin adabi sai 1 ta zama waƙafi, 4 ta zama aya. Sannan ga takardar darasin addini, inda ɗalibi zai kawo aya ko hadisi da Larabci a tsakiyar bayaninsa. Larabcin makafi daga hagu zuwa dama ake rubuta shi, da nasa jadawalin. Na taɓa ganin aya ta fito tarkacen baƙaƙen boko, an buga, an miƙa wa malami. Wannan kam ya wuce sakaci.

Laifi na biyu shi ne uwar na farko, shi ya fi ci mini rai: ba kwa duba abin da kuka fitar a kan asalinsa. Wasunku ma, in za a faɗi gaskiya, ba su iya karanta ɗigon ba, ko da ido ko da yatsa. Mutum yana karɓar albashi da sunan mai fassarar rubutun makafi, a miƙa masa shafi guda ya kasa fitar da layi ɗaya. Wannan ba mai fassara ba ne, ɗan aiken manhaja ne.

Ba haka muka taras ba. Malamin da ya koya mini aikin nan ya sami horonsa a Gindiri, inda aka buɗe makarantar makafi a 1953. In ka gama fassara takarda, sai ya sa ka karanta da ƙarfi, shi kuma yatsunsa suna kan asalin yana bin ka. Ka tsallake waƙafi ɗaya sai ka ji ya buga tebur. Shi ya nuna mini cewa mai rubutu da allo da tsinke daga dama yake hudawa, a juye, don haka yaro sabon shiga kan musanya d da f, ko h da j, ko e da i, ko r da w. Ya ce in ka ga haka, ka rubuta abin da yaron ya huda, ka yi wa malaminsa bayani a gefe, kada ka gyara masa a ɓoye, kada kuma ka ƙara masa kuskuren da ba nasa ba. Wannan tarbiyya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Alaramma ya rubuta Alƙur'ani da ka, duk gwanintarsa, ba ya sakin sa sai ya kai wa gwanaye sun bi shi baƙi-baƙi, wasali-wasali. Alhaji Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, makaho ne, bai taɓa ganin shafin waƙarsa ba. Masu rubuta masa ne suka riƙe amana har waƙoƙin suka iso gare mu, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Da a hannun irin wasunku ya faɗa, Allah kaɗai ya san abin da za mu gada. Mu da muka yi aikin nan da fitilar ƙwai, ba kwamfuta ba firinta, ba mu taɓa barin takarda ta fita ba tare da an karanta ta sau biyu ba. Yau ga kayan aiki kamar a mafarki, amma haƙurin zama minti goma ya gagara.

Ku yi mini afuwa in harshena ya yi kaifi. Na san halin da kuke ciki: takardu tuli, wuta tana zuwa tana ɗaukewa, shugaba yana tsaye a ka yana son sakamako kafin azahar, kuma a makarantu da yawa mutum guda ne ke ɗauke da aikin mutum biyar. Amma sauri kan haifi nawa, kuma a nan ba ku ne ke biyan kuɗin saurin ba. Takardar nan da sunan makaho take fita. Mai maki bai san da ku ba, alƙali bai san da ku ba, ma'aikacin da ke tantance masu neman aiki bai san da ku ba. Duk shirmen da manhaja ta zuba, a kansa za a ɗora. Iyaye a Rurum ko Kibiya, da suka sha surutun dangi kafin su yarda su tura ɗansu makaranta irin ta Tudun Maliki a Kano maimakon bara, in sakamako ya zo da jan biro sau biyu sau uku, cewa za su yi dama an gaya musu. Haka ake rasa yaro.

Abin da nake roƙo ba mai yawa ba ne. Kafin ku taɓa fayil, ku tambayi mai shi da wane harshe ya yi rubutu, giredi na ɗaya ko na biyu, tsohuwar ƙa'ida ko UEB, akwai lissafi ko Larabci a ciki. In takarda ta haɗa harsuna, ku yanka ta kashi-kashi, kowane kashi da jadawalinsa. In manhajarku ba ta da na Hausa, ku juya da mara taƙaitawa, sannan ku bi ɗ da ƙ da ɓ da ts da hannu. Ku tuna shafin makafi yawanci gida 40 ne a layi, layi 25 a shafi, don haka lambar shafi da kan magana za su faɗo muku a tsakiyar jimla, ku tsince su. Kada ku goge asalin fayil, shi ne hujjar mai shi ranar da aka yi gardama. In ba jarrabawa ba ce, ku karanta wa mai takardar abin da ya fito, ko ku bar NVDA ta karanta masa, kafin a buga. In jarrabawa ce, ku nemi malami makaho ya zauna da ku, shi a kan ɗigo ku a kan takarda. Masu wannan ilimi suna nan, wasunsu sun fito daga Sashen Ilimi na Musamman na Jami'ar Bayero suna zaune ba aiki. Wanda kuma bai iya karanta ɗigo ba, ya ajiye girman kai ya koya, haruffan ba sa ɗaukar mai niyya wata guda.

Najeriya ta sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci a Janairun 2019, amma doka ba za ta zauna kusa da ku a gaban kwamfuta ba. Shugabannin makarantu da na jarrabawa, ku ma da ku nake: kada ku karɓi takardar makaho da aka juya sai da sa hannun wanda ya duba ta a kan asalinta. Ku kuma 'ya'yana, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Duk takardar da ba ku duba ba, kada ku bari ta fita daga hannunku.

Allah ya yi muku albarka, ya sa ku fi mu. Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin makafi,
Rurum Sabon Gari, Ƙaramar Hukumar Rano, Jihar Kano.