Jan Kunne Game da Wankin Tukwanen Kunu da na Burukutu a Ƙasar Zuru

Kaka ta yi, dawa ta shiga rumbu a ƙasar Zuru, daga Dabai har Ribah, daga Mahuta har Dirin Daji. To, kowa ya san ba duk dawar nan ce ke ƙarewa a tuwo ba. Wani kashi nata jiƙa shi a ke yi, a niƙa, a dafa, ya zama abin sha. A wani gida kunun zaƙi ne. A wasu gidajen Dakarkari da maƙwabtansu kuwa, sai a bar dawar ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, ta kwana ta yi tsami, a sake dafawa, sa'an nan a bar ta ta tashi ta zama burukutu, wadda a ke sha ran kasuwa da wurin gayya da lokacin bikin Uhola.

Hukuncin giya a wurin Musulmi sananne ne, kuma wannan fili na manoma ba ya kiran kowa zuwa gare ta. Abin da ya jawo magana shi ne mazubi. Durom da jarkar da mai burukutu ke saye a kasuwa, irinsu mai kunu da mai zoɓo da mai fura ke saye, wankinsu kuwa iri ɗaya ne.

A zamanin da, kayan aikin duka na ƙasa ne da na duma: randa, tukunya, ƙwarya, ludayi. Mace ta kan dirje su da toka da yashi da soso, ta kwara musu tafasasshen ruwa, ta kife su a rana. Wannan wanki ba na jahilci ba ne. Toka tana cire maiƙo, yashi yana kankare ƙanzo, zafin ruwa da na rana suna kashe ƙwayoyin cuta. Yanzu kuwa kanti ya cika da Omo, da ruwan bilic irin su Hypo da Jik, da Izal, da Dettol, da soda. Mutane da yawa sun ɗauka duk abin da ya yi kumfa ko ƙamshi ya isa wanke kowane mazubi. Lalle ba haka ba ne, kowane mazubi da irin wankinsa.

Da fari, tukunyar ƙasa da ƙwarya. Jikinsu yana da 'yan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani, shi ya sa randa ke tsattsafo har ruwa ya yi sanyi. Ta nan su ke shanye sabulu da turarensa, sa'an nan su amayar da shi cikin abin da aka zuba daga baya. Shi ke nan sai a ji kunu yana ɗanɗanon Omo, masu saye su gudu. Ga mai burukutu kuwa hasarar ta fi haka, gama abin da ke tayar mata da giya wani ɗan yisti ne mai rai da ke maƙale a jikin tsohuwar tukunya, bilic kuwa kashe shi ya ke yi. Saboda haka ƙasa da duma a bar su da toka da tafasasshen ruwa da rana. Wadda ta tsage ko ta yi funfuna a yar da ita.

Na biyu, durom da bokiti da jarka na roba. Nan ne sabulun gari ke da amfani, amma da sharaɗi. A wanke nan da nan bayan an juye, tun tsaki bai bushe ba. A yi amfani da soso mai laushi, domin soson ƙarfe ya kan kakkarce roba, datti ya sami maɓoya. A ɗauraye har sai santsi da ƙamshi sun tafi. Sai bayan wannan ne bilic ke shigowa, don ba ya aiki sosai a kan datti. Babban cokali ɗaya a cikin galan ɗaya na ruwa mai tsabta ya isa. A bar shi 'yan mintoci, a zubar, a ɗauraye da ruwan da aka tafasa, a kife a rana. Kada a manta da mataci da murfi da bakin jarka. Tafasa tana kashe cutar da ke cikin tukunyar dahuwa, amma wadda ta shiga bayan an sauke, ta mazubin da aka juye ko ta ƙwaryar da a ke tsomawa cikin ruwan ɗauraya ɗaya tun safe har magariba, ita ke kai mutum asibiti.

Akwai kuma abubuwan da ba a yi sam. Ba a gama bilic da maganin wanke masai, ko da ruwan tsami, ko da ragowar abin sha mai tsami, gama haɗin yana fitar da iska mai guba wadda ke ƙone huhu. Ba a barin bilic ya kwana cikin durom na ƙarfe, tsatsa zai sa masa. Soda tana cin tukunyar dalma. Izal da Dettol na daɓe ne da bayan gida da miki, ba su da hurumi a cikin abin da baki zai taɓa.

Na uku, wanda ya fi duka nauyi, kuma shi ya shafi manomi kai tsaye, watau jarkar maganin feshi. Damina ta wuce ta bar galan-galan na maganin ciyawa da na ƙwari a kowane gida. Manomi ya ga jarka mai kauri da murfi mai kyau, ya ce hasara ce a yar. Uwargida ta wanke da Omo sau biyu, ta sunsuna, ta ji ba wari, sai ta zuba kunun da za a kai gona. To, roba tana shan maganin nan cikin jikinta, babu sabulun da ke fitar da shi duka, rashin wari kuwa ba shaida ba ne. Tun 2008 hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO da WHO, suka fitar da ƙa'ida a kan irin waɗannan jarkoki: a ɗauraye sau uku da zarar magani ya ƙare, a juye ruwan cikin tankin feshi, sa'an nan a huda jarkar don kada kowa ya sake mora. Haka kuma durom ɗin da ba a san abin da ya fara ɗauka ba, komai arharsa, a bar shi. Araha ba ta ado.

Wani zai ce kakanni sun sha ba su mutu ba, in kuwa an sami ciwo sai a ce sammu ne. Amma ruwa ba ya tsami banza. A watan Janairu na 2015, a garin Chitima na ƙasar Mozambik, mutum 75 suka mutu bayan sun sha giyar gida a wurin zaman makoki. Da fari aka yi ta cewa wani ne ya zuba matsarmamar kada. Da likitoci suka auna, sai aka tarar guba ce ta ƙwayoyin cuta da suka yaɗu cikin garin masarar da ya lalace. Watau ko an wanke tukunya fes, ruɓaɓɓen hatsi ba shi da gyara.

Saboda haka kowa ya ɗauki nasa kason. Manomi ya huda jarkarsa da hannunsa tun a gona, ya kuma daina sayar wa masu dahuwa hatsin da ya yi funfuna. Ɗan kasuwa ya ji tsoron Allah, ya daina jera galan ɗin guba tare da na man gyaɗa. Duba-gari da malaman gona na Zuru da Fakai da Sakaba da Danko-Wasagu su riƙa zaga kasuwanni suna nuna wa mata awon bilic da Hausa da C'lela. Jami'ar Noma ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020 ita ma tana da ɗaliban da za su iya wannan aiki a ƙauyukansu.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya ba da lafiya, ya sa a ci amfanin gona cikin kwanciyar hankali, amin.