Taura Biyu Ba Ta Taunuwa: Raddi Ga Masu Cewa Kowane Kaya Da Rumfarsa

Jama'a, akwai wata shawara da ta zama yayi a bakin masu koyar da kasuwancin intanet, wadda ta daɗe tana yi mini ƙaiƙayi a kunne, yau dai na ce sai na amayar da abin da ke cikina. Wai in kana sayar da kaya iri-iri a kasuwannin intanet, to kowane irin kaya ka buɗe masa rumfarsa daban, da suna daban, da tambari daban. Mai turaren wuta ta raɗa wa turare suna, atamfa ta samu nata, kayan kicin su ɗauki na uku, in kuma marubuciya ce littattafanta su tashi da na huɗu. Ni ra'ayina a fili yake: ga ƙaramin ɗan kasuwa, wannan shawara guba ce da aka shafa wa zuma.

Bari mu duba inda aka fi yayata ta, wato kasuwar Etsy ta Amurka, wadda aka kafa a unguwar Brooklyn ta birnin New York a 2005 domin masu sana'ar hannu. A can an yarda mutum ya mallaki rumfa fiye da ɗaya, amma kowace sai da nata asusun da nata adireshin imel. Kasa kaya ɗaya santi 20 ne na dala har tsawon wata 4, in an saya kuma kasuwar ta cire kashi 6.5 cikin ɗari, kamar yadda ta tsayar tun 2022. Ganin arhar nan ne ke ruɗar mutane, su ɗauka sabuwar rumfa kyauta ce. Abin da ba a faɗa musu shi ne, shaidar da masu saye suka yi wa tsohuwar rumfa ba ta bin mai ita zuwa sabuwa. Taurari ɗari biyar da ka tara a shekara uku suna nan inda ka bar su, kai kuma ka koma baƙo a kasuwar da ka tsufa a cikinta.

Ƙari a kan haka, a 2021 Etsy ta fito da lambar yabo ga rumfunan da suka yi zarra. Daga cikin sharuɗɗan akwai amsa saƙon mai saye cikin awa 24, da aika kaya a kan lokaci, kuma kowace rumfa lissafinta daban ake yi. To ina tambaya, mutum ɗaya mai waya ɗaya, ga girki ga raino ga zuwa tasha kai saƙo, yaya zai yi da akwatin saƙo huɗu? Ai ba a gudu ana susar taƙashi.

Na san abin da za su ce. Za su ce ai manyan kamfanoni haka suke yi, ga Procter & Gamble can yana da Ariel da Pampers da Gillette, kowanne da fuskarsa. Gaskiya ne, amma kama da wane ba ta wane. Kamfanin da ke zuba biliyoyin daloli a talla duk shekara shi ke iya ciyar da sunaye barkatai. Kuma ko shi ɗin da nauyi ya ishe shi, a 2014 ya ba da sanarwar zai rabu da sunayen kaya har kusan 100, ya riƙe waɗanda ke kawo riba. Ita kanta Etsy ta gwada tara kasuwanni masu suna daban-daban: ta sayi Elo7 ta ƙasar Brazil a 2021, ba a rufa shekara uku ba ta sayar da ita a 2023. In giwa ta ce kaya sun yi mata nauyi, me ya kai zomo ɗauka?

Mu dawo gida, tunda 'yan'uwanmu masu kasa kaya a Jumia da Jiji da Instagram da Facebook su ma ana ɗura musu wannan karatu. Dubi Dangote: siminti, sukari, gishiri, takin zamani, matatar mai, duk suna ɗaya ne a jiki, kuma ban taɓa jin wanda ya ƙi shan shayi da sukarin don yana tsoron ya ji ƙasar siminti ba. BUA ma haka. Wanda ya san Kantin Kwari ko Kasuwar Kurmi ya san mutane wurin Alhaji wane suke zuwa, don sun san ba ya tauye yadi, ba ya kiran jabu da sunan na gaske. In gobe ya ƙara takalma a rumfarsa, amanar nan ce za ta sayar da takalman. Suna linzami ne, kuma shi ne jarin talaka, wanda ya raba shi huɗu ya raba jarinsa huɗu.

Akwai kuma wani ɓangare mai muni da masu shawarar ba sa son a taɓo. Yawan sunaye mafaka ce ga macuta. Wanda ya karɓi kuɗin leshi ya aiko da tsumma, aka yi masa ca a rumfa ta ɗaya, sai ya rufe ta ya ɓullo a ta biyu da sabon tambari kamar bai taɓa laifi ba. Shi ya sa mai saye mai hankali yake ɗari-ɗari da rumfar da aka haifa jiya, kuma mai gaskiyar da ya buɗe sabuwa shi ma wannan zargin zai gada. Manyan kasuwannin kuwa ba barci suke ba. Amazon da eBay suna gane asusun da ke da alaƙa da juna, in aka dakatar da ɗaya sauran na iya bin sa. Ka ga rarrabuwar ta hana ka cin gajiyar yabo, ba ta kuma kare ka daga hukunci ba. Wace irin ciniki ce wannan?

Kada a ce na rufe ido, akwai inda raba rumfa ya zama dole. Wadda ke sayar da littattafan yara ba ta da hujjar jera su kusa da kayan mata da magungunan ma'aurata, kunya ma ta isa ta hana. Haka wanda ke sayar da sari ga 'yan kasuwa kuma yake sayar da ɗai-ɗai, ko wanda ya bunƙasa har ya ɗauki yaran shago da za su tsare masa kowace rumfa. A nan kayan ne ke cin karo da juna, ko hannuwa suka yawaita. Amma a ce don hula da turare ba launinsu ɗaya ba sai an raba musu gida, wannan ƙaƙale ne. Kasuwannin nan suna ba mai rumfa damar kasa kayansa sashe-sashe a wuri guda, mai neman hula ya nufi hula, mai neman turare ya nufi turare, a kan hanya kuma ido ya ga abin da bai zo nema ba ya saya.

Don haka 'yar'uwa mai sana'a, ɗan'uwa mai neman na kansa, kafin ku biya mai zanen tambari kuɗi karo na uku, ku ƙirga saƙonnin da ke jiran amsa a rumfar farko. Ku riƙe suna ɗaya ku wanke shi tas, ku cika alkawari, ku mayar da kuɗin wanda kayansa suka lalace a hanya. Masu koyarwar nan kuɗin darasinsu za su karɓa su wuce, ku za a bari da rumfa huɗu babu mai leƙowa.

Wanda ke ganin na yi kuskure, fili a buɗe yake, ya kawo hujjarsa mu ji.