A Fara Zaɓen Pata Kafin Kwado

Wanda Allah ya ba moto ko mota yakan gina mata ɗaki a gefen gida, shi ne ake ce ma garaji. Sau da yawa ɗakin ba shi da fili, sai a yi mishi ƙyaure mai buɗewa waje. Daga nan maigida ya tafi kasuwa ya sayi ƙaton kwado mai tsada, ya haɗa da pata mai araha. A ganina, wannan aikin baibai ne. Pata ya kamata a fara zaɓa.

Mi ne ne pata? Ita ce ƙarfen da ke riƙe ƙyaure, yana juyawa a kanta. Ɓari biyu gare ta, da wani ƙarfe kamar ƙusa da ke haɗa su a tsakiya. In ƙofa tana buɗewa ciki, wannan ƙusa tana cikin ɗaki. In kuwa tana buɗewa waje, to ƙusar tana bakin hanya, kowa na ganin ta. Ɓarawo ba ruwanshi da kwadonka. Da guduma zai fitar da ƙusar, ya janye ƙyauren, kwado na nan a kulle.

To, ya za a yi? Da farko, ka sayi pata mai kauri wadda ƙusarta ba ta fita. In irin mai fita ka samu, ka kai ma mai walda ya liƙe kan ƙusar.

Na biyu, kar a kafa pata da ƙusoshin da ake iya kwancewa ta waje. In ƙyauren katako ne, a huda shi har ciki, a sa bulon mai zagayayyen kai, wanda ba shi da wurin kamawa. A ɗaure shi ta cikin ɗaki. In na ƙarfe ne, a liƙe pata da walda.

Na uku, akwai wata dabara mai sauƙi. A kafa guntun ƙarfe 2 a gefen ƙyaure, ɓangaren pata, a huda musu rami a jikin ƙarfe ko katakon da ke riƙe ƙofar. In an rufe, su shige ramin. Ko da an yanke pata, ƙyauren ba ya fita.

A kula kuma da irin patar da ake ɗaga ƙyaure sama a cire shi. In ita ce gare ka, kar a bar sarari tsakanin ƙyaure da saman ƙofa. Ɓarawo ba zai samu wurin ɗagawa ba.

Ƙyauren garaji yana da faɗi da nauyi. Pata 2 ba su isa ba, a sa 3 ga kowane ɓari: sama, tsakiya da ƙasa. Abin da aka kafa su a kai ya shiga siminti sosai, don bangon laka ba ya riƙo, gara kuma tana cin katako. Iskar farkon damina tana fizgar ƙyaure, shi ya sa in an buɗe a maƙale shi da ƙugiya. Lokacin hunturu, a share ƙura a ɗiga ma pata mai.

Wani zai ce: "Ai kuɗin sun yi yawa." Gaskiya ne, pata mai kyau ta fi tsada. Amma ku gwada kuɗinta da kuɗin moto. Ga ɗan kabu-kabu, moton nan ita ce abincin iyalinshi. In an ɗauke ta dare ɗaya, ina ribar arahar? Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Ƴan'uwa, yau da marece kowa ya rufe ƙofarshi, ya tsaya a waje ya dube ta kamar baƙo. In ka ga abin da guduma za ta iya cirewa, gobe da safe ka kira mai walda.