Mai gadin da hujja ce kawai ke sallamarsa

Duk lokacin da manhajar Java za ta karanta wani gurbi a cikin jeri, sai ta fara duba ko lambar gurbin ba ta ƙetare iyaka ba. Duba ɗaya ba komai ba ne, amma a zagayen da ke maimaituwa sau miliyan yana cin lokaci. Shi ya sa kampaila, wato tafintan da ke mayar da rubutun mai shirya manhaja zuwa harshen na'ura, ke neman dalilin cire shi. Idan zagaye ya tashi daga sifili ya tsaya kafin tsawon jerin, babu ta inda lambar za ta fita. HotSpot ma yakan raba zagaye gida uku, ya bar dubawa a farko da ƙarshe, tsakiyar ta wuce ba shamaki.

Wannan cirewa daidai ce, domin hujja ce ta kawo ta. Wadda mutum ke yi bisa zato ita ce abar tsoro. A ranar 4 ga Yuni 1996 rokar Ariane 5 ta tarwatse ƙasa da minti ɗaya da tashinta. Tun a zamanin Ariane 4 injiniyoyi suka bar sauya wata lamba daga bit 64 zuwa bit 16 ba tare da kariya ba, don sauƙaƙa wa kwamfuta nauyi, bisa yaƙinin cewa lambar ba za ta yi girma ba. Sabuwar rokar ta fi tsohuwar gudu, lambar ta cika ta tumbatsa. Kwamfutar ko-ta-kwana, mai ɗauke da manhaja iri ɗaya, ta riga ta tsaya a kan wannan kuskuren.