Na'ura tana ceton mintoci, mu awoyi muke rasawa a hanya

Ranar da kawuna ya faɗi, bayan sallar asuba ne. Baki ya karkace, hannun dama ya ƙi ɗaguwa, magana ta sarƙe. Mutanen gida suka ce iska ce ta buge shi, aka yi tofi, aka yi hayaƙi. Kafin a yarda a kai shi asibiti, a samo mota, a sha ramukan hanya, har la'asar ta yi. Da aka ɗauki hoton kansa sai aka ce jini ne ya daskare ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa, kuma lokacin magani ya wuce. Yau shekara 3 ke nan yana jan ƙafa.

Shi nake tunawa duk sa'ad da na ga ana yayata labarin ƙirƙirarriyar basira a fannin jijiyoyin jini. Kuma labarin gaskiya ne. Tun watan Fabrairun 2018 hukumar FDA ta Amurka ta amince da manhajar kamfanin Viz.ai, wadda ke karanta hoton sikana, in ta ga alamar babbar jijiya ta toshe sai ta tura saƙo wayar ƙwararren likita nan take. Gaggawar tana da dalili: an ƙiyasta mai irin wannan ciwo yana asarar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 kowane minti, allurar narkar da jinin kuma galibi cikin awa 4 da rabi na farko ake yin ta.

To amma ƴan'uwa, mu yi lissafi. Manhajar nan mintoci take ceto wa wanda ya riga ya kwanta cikin sikana. Kawu kusan awa 10 ya rasa, kuma ba a ɗakin hoto ya rasa su ba. A zaure ya rasa su, da tasha, da hanya. Kafin nan ma ya rasa shekaru, don bai taɓa auna tansiyo ba, alhali hawan jini shi ne babban sanadin shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu hawan jini ba su san suna da shi ba.

Ban ce mu juya wa fasahar baya ba. Akwai irin wadda ta fi dacewa da mu. A Afrilun 2018 FDA ta amince da IDx-DR, manhajar da ke duba hoton cikin ido ta gano ɓarnar da ciwon sukari ya yi wa ƙananan jijiyoyin jini, ba sai likitan ido yana wurin ba. A ƙasar da ƙwararru suka taru a Yamai da manyan birane, irin wannan a ƙaramin asibitin karkara ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai a duba abin da ya faru a Tailan. Da Google ya gwada tasa manhajar ta ido, masu bincikensa suka bi asibitoci 11. Na'urar ta ƙi karɓar kashi 21 cikin 100 na hotunan, sau da yawa saboda ƙarancin haske a ɗakin, rashin ƙarfin intanet kuma ya sa layi ya yi tsawo. In haka ta faru can, ya kuke gani a inda wuta ke ɗaukewa, rezo yana zuwa yana tafiya, ga ƙurar hunturu?

Don haka duk wanda ya zo mana da irin waɗannan na'urori, mu tambaye shi: an gwada ta a kan mutane irinmu? Tana aiki ba intanet? Hotunan majinyata ina ake ajiye su? In ta ce akwai ciwo, ina za a tura mutum, kuma da wane kuɗi? Gano cuta ba tare da hanyar magani ba ƙarin tashin hankali ne kawai.

Kafin su iso, akwai abin da ke hannunmu. A wannan satin ka kai baba da inna a auna musu tansiyo. Ka kuma riƙe alamomi 3: karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, sarƙewar magana. In ka ga ko da guda, a yi addu'ar cikin mota.