TASHAR LEGAS TA YI KYAU, TO INA JIRGIN KANO?

Jama'a, tun ranar Alhamis 10 ga Yunin 2021 da shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ya buɗe sabuwar tashar jirgin ƙasa ta Ebute Metta a Legas, wadda aka raɗa wa sunan Mobolaji Johnson, hotunanta suka cika Facebook. Duk inda ka leƙa gilashi ne da fitilu da matakala mai tafiya da kanta, ga kujeru a jere cikin katafaren zauren jiran fasinja kamar filin jirgin sama. Wani ya rubuta "sai Baba", wani ya ce wai nan ba Dubai ba ce, Legas ce. Can gefe kuma ga masu ƙorafin cewa an kwashe arziki an gina wa Yarbawa, an bar Arewa da hamma.

Tasha ta yi kyau, babu mai musu. Amma ni tambayata ɗaya ce, kuma har yanzu ban ga wanda ya yi ta ba a cikin masu ɗora hotunan nan: jirgin da zai tashi daga wannan zaure, ina zai tsaya?

Amsar ita ce Moniya, a bayan garin Ibadan. Kilomita 157. Daga nan dogo ya ƙare.

Bari in tuna mana asalin maganar, domin mu 'yan Najeriya akwai mu da saurin mantuwa. Wannan aiki ba sunansa Legas zuwa Ibadan ba. Sunansa Legas zuwa Kano. A 2006 gwamnatin Obasanjo ta ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangilar shimfiɗa sabon dogo na zamani daga Legas har Kano, kimanin kilomita 1,300, a kan dala biliyan 8.3. Gwamnatin marigayi 'Yar'aduwa ta dakatar da kwangilar, daga baya aka ce a yi ta gunduwa-gunduwa. Gunduwar farko ita ce Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186, aka buɗe ta a Yulin 2016. Ta biyu ita ce wannan da ake ta rawa a kanta. Ka haɗa 186 da 157, ka samu 343. Wato cikin shekara 15, daga 2006 zuwa 2021, mun yi kashi ɗaya bisa huɗu na aikin. In da wannan tafiyar za a ci gaba, sauran kashi ukun sai sun ci shekara 45. Ni da nake cikin shekaruna na arba'in, ku lissafa mini da kanku. Kuma gunduwoyin biyu ko haɗuwa ba su yi ba: ɗaya tana Kudu, ɗaya tana Arewa, tsakaninsu daji ne da alƙawari.

Turawan mulkin mallaka, da diga da shebur da aikin tilas da suka sa kakanninmu, sun ja dogo daga Baro a bakin Kwara har Kano, sama da kilomita 500, cikin kimanin shekara huɗu, jirgi ya iso Kano a 1911. Ba don suna ƙaunarmu suka yi ba, kowa ya sani. Kayanmu suke so su kwasa. Amma a nan darasin yake: Bature ya san abin da dogo yake yi. Bai fara da zauren zama ba, ya fara da tambayar me za a ɗauka, daga ina, zuwa ina. Dalar gyaɗar Kano da muke alfahari da hotonta, ta zamanin su Alhassan Dantata, ai a bakin dogo aka tara ta tana jiran tarago. Dogon ya kai Ƙaurar Namoda, ya kai Nguru, ya kai Maiduguri a 1964. A wannan shekara ta 1964 reluwe ta ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Tashoshin wancan lokaci ba gilashi, ba esi, rumfar kwano ce da benci, amma jirgi yana zuwa, yana tafiya da kaya.

Yau fa? Albasar Aliero, tumatirin Kadawa, shanun Potiskum da Maigatari, hatsin Dawanau, duk a bayan tirela suke gangarawa Kudu. Ɗan kasuwa ya loda kayan gwari, mota ta kwana biyu, ta kwana uku a hanya, ta maƙale a Jebba ko Mokwa, kowane shinge a miƙa na goro, kafin a isa kasuwar Mile 12 kwanduna da yawa sun zama ruwa. Shanu su isa a galabaice, wasu a yanka su a hanya don kada su mutu mushe. Direba da yaran mota kuwa ransu a hannun Allah. A watan Fabrairun 2021 da 'yan kasuwar abinci da dabbobi suka tsayar da lodi zuwa Kudu na 'yan kwanaki, kowa ya ga yadda farashin tumatir ya yi tashin gwauron zabi a Legas, a nan gida kuma ya faɗi warwas har manomi ya rasa mai saye. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa cinikin da ke tsakanin Arewa da Legas shi ne jijiyar ƙasar nan. Shi ya kamata dogo ya ɗauka. Sabon zauren Ebute Metta bai rage wa mai albasa ko awa ɗaya a hanya ba.

Wani zai ce ai akwai tsohon dogon da ya kai Kano, a haɗa mana. Malam, ba ya haɗuwa. Faɗin tsohon dogo milimita 1,067 ne, sabon kuma 1,435. Taragon wannan ba ya hawa wancan. Kwantenar da aka ɗora a tashar jiragen ruwa ta Apapa a kan sabon layi, in ta zo Ibadan dole a sauke ta, a sake ɗora ta a kan tirela, ta kama hanyar da muka sani. To me aka yi ke nan? An yi ba a yi ba.

Shi ya sa nake ce wa masu kukan "an gina wa Yarbawa" su ma sun saki hanya. Teku a Legas take, ba a Kano ba. Duk dogon da zai amfani ɗan Arewa dole kansa ya kasance a bakin ruwa. Kilomita 157 ɗin nan namu ne mu ma, in har an ƙarasa. Abin da ya kamata ya hana mu barci shi ne gunduwar Ibadan zuwa Kano, wadda aka ce za ta ci dala biliyan 5.3, kuma a 2021 ana ta jiran bashin ƙasar Sin da bai fito ba. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin dogon Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, muka yi murna, ni ma ina so. Amma ɗan kasuwar Maraɗi da ke sauke kayansa a Kwatano ko Lome, me zai sa ya juyo Najeriya in jirgin zai kawo shi Kano ne kawai ya ajiye? An ɗinka hannun riga da wuyanta, babu jikin.

Sai maganar kuɗi, wadda masu "sai Baba" ba sa son a taɓo. Wannan layi da tashoshinsa da bashi aka yi su, sama da dala biliyan ɗaya daga bankin Exim na ƙasar Sin. Bashi da dala, tikiti da naira. Lokacin da aka aza harsashin aikin a Maris 2017 dala tana naira 305 a farashin gwamnati. A tsakiyar 2021 ta haura 400, a kasuwar bayan fage kuwa tana wajen 500. A lokacin, tikiti mafi tsada daga Legas zuwa Ibadan naira 6,000 ne, bai kai dala 15 ba. Na talaka 2,500. Ku ɗauki biro ku lissafa fasinja nawa za a ɗauka kafin a biya dala biliyan ɗaya, bayan an cire kuɗin gas da albashi da gyara. A ko'ina a duniya da wuya kuɗin fasinja ya riƙe dogo mai nisa, kaya ne ke riƙe shi. Mu kuwa alƙaluman da hukumar ƙididdiga ta NBS ke fitarwa sun nuna kuɗin da reluwe ke samu daga kaya bai kama ƙafar na fasinja ba. Ke nan bashin daga baitulmali za a biya shi, daga harajin da ake yanka a albashina da naka, da na malamin firamare a Gumel wanda bai taɓa ganin jirgin ba. In haka ne, yana da haƙƙin ya tambaya ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna a matsayina na ma'aikacin gwamnati: wa zai kula da wannan gini? Duk wanda ya taɓa zama inda ake tsara kasafin kuɗi ya san yadda abin yake. Kuɗin sabon gini yana da iyaye, akwai ɗan kwangila, akwai mai bin fayil ofis-ofis, akwai allon da za a rubuta sunan mai girma. Kuɗin gyara kuwa maraya ne. Shi ake fara yankewa in kuɗi sun yi ƙaranci, shi ake saki a ƙarshe, in ma an sake shi. Babu wanda ake kira ya yanka kyalle don an canja belin matakala ko an wanke banɗaki. Zaure irin na Ebute Metta kuma ba rumfar kwano ba ne da za ta shekara hamsin ba a taɓa ta ba. Yana cin wuta dare da rana, esi yana son gyara, matakala tana son kayan da sai an yi odarsu daga waje. Ranar da janareta ya tsaya, gilashin nan da muke yabo shi zai mai da wurin tanda.

Ba fata nake yi ba, gani ga wane ne. Jirgin cikin garin Abuja an buɗe shi da kiɗa da algaita a Yulin 2018, tashoshi masu kyau har filin jirgin sama. An rufe shi a 2020 saboda korona, an buɗe kasuwanni, an buɗe makarantu, shi kuwa a 2021 yana nan a rufe, bashinsa yana ta ƙirga kwana. Maƙwabtanmu na Nijar sun buɗe tashar jirgin ƙasa a Yamai a 2014, aka ja dogo har Dosso aka yi biki a 2016, yau ku tambayi mutanen Yamai yaushe rabon da su ga jirgi ya ɗauki fasinja. A nan Legas ɗin ma, ba nisa da sabuwar tashar, ga babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Iganmu, wanda aka yi bikin FESTAC a cikinsa a 1977. A zamaninsa ya fi wannan tasha ɗaukar ido. Sai da ya lalace har gwamnati ta miƙa shi ga bankuna a 2020 su gyara. Jirgin Abuja zuwa Kaduna ma, tun kafin ya cika shekara biyar, jaridu sun sha buga labarin lalacewarsa a tsakiyar daji, da cuwa-cuwar tikiti da ta sa dole aka koma sayarwa ta intanet a farkon 2021.

Na san abin da za a rubuta mini a ƙasa. "Kai ɗan adawa ne." "Su da suka yi shekara 16 me suka yi?" "Sannu-sannu ba ta hana zuwa." To na ji. Gwamnatin Buhari ta ƙarasa ayyukan da ta tarar, ta kuma yi wannan daga tushe, ba na hana ta ladanta. Amma ni ba jam'iyya nake karewa ba, kuma sannu-sannun da za ta kai jikana kafin ta kai Kano ba ita Bahaushe yake nufi ba. Yabon da ba tambaya a cikinsa shi ya lalata mana shugabanni. In muka nuna musu gilashi da fitila sun ishe mu, gilashi da fitila za su yi ta ba mu, domin sun fi sauƙin yi kuma sun fi kyau a hoto.

Don haka maimakon ɗora hoto, ga abin da nake so mu tambayi ministan sufuri, mu tambayi sanatocinmu da 'yan majalisarmu na tarayya, musamman na Kwara da Neja da Kaduna da Kano da dogon zai ratsa. Yaushe za a ƙarasa Ibadan zuwa Kano, kuma in bashin Sin bai zo ba, da wane kuɗi? Taragon kaya nawa aka saya, nawa ne na dabbobi, nawa ne masu sanyi na kayan gwari? Nawa aka ware a kasafin baɗi don kula da tashoshin nan, kuma wa za a kama in matakala ta tsaya? Nawa layin ke samu a wata, nawa yake ci? Waɗannan ba tambayoyin adawa ba ne, tambayoyin mai biyan bashi ne. Duk wanda yake da lambar ɗan majalisarsa ya tura masa, in ya ba da amsa a kawo mana nan mu gani.

Ranar da tarago ya tashi daga Dawanau da buhunan wake, ya kwana ɗaya ya sauke a Apapa, ya juyo da taki da kwantenar 'yan Kantin Kwari, ranar ni zan fara ɗora hoto, ko da a ƙarƙashin bishiya jirgin ya tsaya.

Allah ya ba shugabanninmu ikon ƙarasa abin da suka fara, mu kuma ya ba mu bakin tambaya. Amin.